Wa Zai Gyara? Tarihin Renon Masu Gyaran Inji daga Zariya zuwa Zagga

Idan rani ya kama, aka shiga dashen shinkafa a fadamun da ke kwance gefen gulbin Kwara cikin ƙaramar hukumar Bagudo, ƙarar da ta fi cika kunne ita ce ta injin ban ruwa. Daga Zagga zuwa Illo, har Lolo da ke bakin iyakar Benin, abincin shekara na gidaje da yawa yana rataye ne a wuyan ɗan ƙarfen nan da mutum biyu za su iya ɗauka. In ya tsaya kwana huɗu ko biyar a lokacin da shinkafa ke ɗaukar ciki, manomi ya san bashin taki da na iri ya hau kansa. Shi ya sa a irin waɗannan garuruwa lambar wayar bakanike ta fi ta kansila daraja.

Wanda ake kira ɗin, galibi bai taɓa zama a ajin koyon kanikanci ba. A gindin bishiya ya koya, wajen maigidansa. Amma idan shinkafar nan ta bar gona ta isa babban kamfanin casa a Argungu ko Birnin Kebbi, sai ta faɗa cikin wasu injuna waɗanda kunne da ƙiyasi kaɗai ba sa isa a gyara su. Tsakanin bakaniken fadama da mai gyaran injin masana'anta akwai rata, kuma ratar tana da tarihi. Shekara ɗari da 'yan kai ke nan Arewa tana sayen injuna. Duk lokacin da muka samu ƙwararrun masu gyara da yawa, a wurin da aka haɗa aji da inji mai aiki aka rene su. Duk lokacin da aka raba biyun kuwa, sai mu wayi gari da mai takarda da bai iya riƙon sifana ba, da kuma mai sifana da ba ya iya karanta littafin injin.

Daga maƙera zuwa loko

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa tana da tsarinta na renon masu aikin ƙarfe. Yaro yakan fara da zuga, ya daɗe yana kallon launin wuta kafin a miƙa masa masaba, sannan a bar shi ya ƙera lauje ko ruwan fartanya. Sarkin maƙera yana lura da sana'ar a gari. Tsarin ya ginu a kan gado da kallo da maimaici, ya kuma wadatar da manomi da mayaƙi ɗaruruwan shekaru. Abin da bai tanada ba shi ne awo na ƙa'ida da zane a takarda, domin garma ba ta damu da kuskuren rabin milimita ba. Inji kuwa ya damu.

Jirgin ƙasa ne ya shigo da inji Arewa da gaske. Layin dogo ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Kan jirgi mai aiki da kwal da tururi kullum yana son hannu: a wanke tukunyarsa, a sa masa giris, a duba birki, a sassaƙa ƙarfen da ya cinye. Don haka hukumar jirgin ƙasa ta zama makarantar kanikanci tun ba a kira ta da wannan suna ba. Tana ɗaukar samari su yi shekaru a ƙarƙashin manyan fitoci a wuraren gyaranta, irin wanda ke Zariya, suna koyon aiki a jikin jirgin da gobe zai ɗauki gyaɗa zuwa Ikko. Daga wannan zamani kalmomi irin su loko da fita suka zauna a bakin Hausawa. Injunan gurzar auduga na Zariya da Funtuwa da Gusau su ma sun reni nasu mutanen.

Abubuwa biyu ya kamata mai karatu ya riƙe a nan. Na farko, dogo bai taɓa isa Sakkwato ko ƙasar Gwandu ba, saboda haka yankin da yau ya zama Jihar Kebbi ya yi nesa da wannan makaranta tun daga tushe. Na biyu, ilimin bokon da Turawa suka shimfiɗa a Arewa ya fi karkata ga alƙalami. Gaskiya ne makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu. Amma daraja ta tafi ga Kwalejin Katsina, wadda ke fitar da malaman makaranta da ma'aikatan En'e. Sakamakon haka, akasarin masu gyara a reluwe da gidan waya da gidan wuta na Arewa daga Kudu suka fito.

Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin mulkin mallaka ta waiwayi lamarin, a cikin shirinta na raya ƙasa na shekara goma da ya fara a 1946. Aka buɗe cibiyoyin koyon sana'a, ciki har da ta Kaduna. Aka kafa makarantar fasaha ta Yaba a 1947, ta Kaduna kuma a 1956, wadda ta zama Kaduna Polytechnic a 1968. Masu koyo suna zana jarrabawar City and Guilds ta Landan, ko su yi gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago, wanda ke hawa daga mataki na uku zuwa na ɗaya.

Zamanin masaƙu

Makarantun nan sun yi amfani ne domin sun zo daidai da masana'antu. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960. A Kano, Bompai ta cika da kamfanoni, daga baya Sharaɗa da Challawa suka bi sahu. A Sakkwato, kamfanin siminti na Kalambaina ya fara fitar da kaya a 1967, shi ne babbar masana'anta mafi kusa da mutanen Kebbi a wancan lokaci.

Masaƙa ba ta barci. Ma'aikata suna karɓa-karɓa dare da rana, kuma injin saƙa ɗaya in ya tsaya ana lissafa asarar da yadi. Don haka kowace masaƙa tana da sashen gyara mai zaman kansa, da jadawalin ranar da za a sa wa kowane inji mai, da littafin da ake rubuta abin da ya lalace da abin da aka sauya. Yaron da ya shigo a matsayin mai shara ko mai miƙo kaya yana iya hawa ya zama fita, ya zama shugaban fitoci. Ɗalibin Kadpoly da aka koya wa lissafin giya a allo da safe, yana iya ganin giyar tana juyawa a Kakuri. A nan ne Arewa ta fara sanin bambanci tsakanin gyara inji bayan ya mutu da kula da shi don kada ya mutu. Hausawa da ma sun ce rigakafi ya fi magani, masaƙa ce ta mai da maganar jadawali.

Rikicin 1966 ya tona asirin raunin da aka daɗe ana ɗauke da shi. Bayan kashe-kashen wannan shekara dubban mutanen Gabas suka bar Arewa, cikinsu har da direbobin jirgi da fitoci da masu aikin lantarki. Aiki ya yi tsaiko a wurare da dama, aka shiga horar da 'yan ƙasa cikin gaggawa. Darasin ya yi ɗaci: ana iya sayen inji a rana ɗaya, amma mai gyara shi shekaru ake yi ana renonsa.

Shekarun 1970 sun zo da kuɗin mai da sababbin hukumomi. A 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, wanda kamfanoni ke zuba wa wani kaso na kuɗin albashinsu. A 1973 asusun ya ɓullo da shirin SIWES, na tura ɗalibai kamfanoni su yi watanni suna aiki da hannu. A 1977 aka kafa hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, da hedikwata a Kaduna. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a Kaduna a 1975, matatar mai ta biyo baya a 1980. Duk wanda ya koyi gyaran inji a wannan zamani yana da inda zai kai takardarsa.

Injuna a cikin akwati

Daga nan aka yi yunƙuri mafi girma, wanda kuma ya fi kowanne ban takaici. Manufar ilimi ta 1977 ta kawo tsarin 6-3-3-4, aka fara aiki da shi a 1982. Niyyar ita ce kowane yaro a ƙaramar sakandare ya taɓa aikin katako da na ƙarfe da na lantarki a darasin da ɗalibai suka fi sani da Intro Tech, ta yadda wanda bai wuce gaba ba zai fita da abin yi. Gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashen waje, musamman Gabashin Turai, aka rarraba wa makarantu. Da yawansu ba a ko buɗe akwatunansu ba. Wata makarantar ba ta da wuta, wata ba ta da ɗakin da za a girka su, wata kuma ba ta da malamin da ya san yadda ake kunna su. Suka yi tsatsa, wasu aka sace. Yara suka ci gaba da zana hoton zarto a littafi suna haddace sunayen sassansa. An sayi kayan koyar da gyara, ba a tanadi mai gyara kayan ba.

A daidai lokacin masana'antun su ma suka fara tangal-tangal. Farashin mai ya faɗi, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, kowane kamfani ya koma dogaro da janareta. Atamfofin Asiya masu araha suka riƙa kwararowa, da yawa ta tashar Kwatano, su ratso iyakokin Benin da Nijar. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, Bompai da Sharaɗa suka yi tsit.

Ana yawan lissafa wannan asara da yawan waɗanda suka rasa aiki. Akwai wata asarar da ba a cika ambata ba: sarƙar koyarwa ta tsinke. Tsohon fita da ya shekara ashirin yana sauraron numfashin inji ya koma acaba ko ya tafi ƙauye, bai bar magaji ba. Ɗalibin difloma ya rasa kamfanin da zai yi SIWES, sai ya nemi ofishin da za a sa masa hannu a littafi. Hukumar NABTEB, da aka kafa a 1992 don shirya jarrabawar kwalejojin fasaha, ta gaji makarantu waɗanda injunansu suka girmi malamansu.

Gareji ya riƙe ƙasa

Inji bai bar Arewa ba, ƙanƙancewa ya yi ya bazu cikin ƙauyuka. Daga shekarun 1980 hukumomin raya aikin gona suka fara yaɗa rijiyoyin burtsatse marasa zurfi da ƙananan injunan ban ruwa masu shan fetur, shirin Fadama na Bankin Duniya da ya kankama a farkon shekarun 1990 ya ƙara musu yawa. Ga injin niƙa, ga janareta, ga babura 'yan Sin da suka cika ƙasa bayan shekarar 2000. Wanda ya riƙe waɗannan duka shi ne gareji, magajin maƙera. Kasuwar Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano suka zama manyan makarantu marasa allo, inda ake ƙera injin casa da na markaɗe daga tsofaffin ƙarafa.

Wannan tsari ya cancanci yabo. Ba ya neman takardar shaida kafin ya karɓi yaro, yana ciyar da shi, kuma yana koya masa a jikin injin gaske mai maigida yana tsaye yana jira. Amma yana da iyaka. Babu manhaja, don haka yaro yana iya shekara biyu yana wankin kafireta da zuwa sayo abinci. Ana ɗaure noti da ƙiyasin hannu. Fis in ya ƙone a ɗaura waya, a kashe abin da aka sa don ya kare injin. Abin da maigida bai sani ba, yaronsa ba zai sani ba. Kuma ranar da aka yaye shi, ba shi da wata takarda da kamfani zai duba.

Shinkafa ta dawo da masana'anta

A Nuwamban 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. A ƙarshen 2016 shinkafar Lake Rice, ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas, ta shiga kasuwa. A Agustan 2017 aka buɗe kamfanin WACOT a Argungu, mai ƙarfin sarrafa tan 120,000 a shekara a lokacin, ga kuma Labana a Birnin Kebbi. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, wanda mutanen Lolo da Tsamiya suka ji a jikinsu, ya sa ƙananan kamfanonin casa suka yawaita. Ko me mutum zai ce game da yadda aka tafiyar da bashin, abu ɗaya ya tabbata: a karon farko yankin Kebbi ya samu masana'antu na zamani a ƙofar gida.

Kamfanin shinkafa jerin injuna ne da kowanne ke jiran na gabansa. Akwai tukunyar tururi da ake hura wa wuta da buntu don yin gumi, wadda in aka bar dattin ruwa ya daskare a cikinta ko bawul ɗin kariya ya toshe, tana iya hallaka mutane. Akwai na'urar busarwa da ke sauke danshi zuwa wajen kashi 14 cikin ɗari. Akwai mai tsince tsakuwa. Akwai mai ɓare buntu da robobi biyu masu juyawa, waɗanda ke cinyewa da sauri: in tazararsu ta matse shinkafa ta kakkarye, in ta buɗe ta fito da ɓawonta. Daga ƙarshe akwai mai tantance launi, wadda ke kallon kowace ƙwaya da kyamara ta hure baƙar da iska. Boris ɗaya in ya ci wuta, ko bel ɗaya ya tsinke, layin gaba ɗaya ya tsaya, manoman da suka kawo kaya daga Bagudo su kwana a bakin ƙofa.

Mai kula da irin wannan wuri dole ya iya karanta zanen wayoyi, ya auna zafin mota mai layin wuta uku, ya gane saƙon da allon kwamfutar injin ke nunawa. A sana'ata ta rubuta manhajar kwamfuta sanannen abu ne cewa rubutawar farko ita ce ƙaramin aiki, yawancin kuɗi da lokaci a kula da ita suke tafiya. Haka inji yake, kuma yanzu sana'o'in biyu sun haɗu a cikin akwatin lantarki ɗaya. Ko a fadama abin ya sauya. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 manoma da yawa suka koma injin gas ko na hasken rana, wanda ciwonsa ba ya jin maganin fulogi da ringi.

Abin da ke ƙetaren iyaka

Maƙwabtanmu sun gwada wata hanya. A Jamhuriyar Benin ma yawancin masu sana'a a hannun maigida suke koyo. Maimakon a yi watsi da wannan, a 2005 gwamnati ta kafa doka ta ba shi takardun shaida iri biyu. Ɗaya, CQM, jarrabawa ce ga wanda ya gama koyo a shago. Ɗayar, CQP, ta masu bin tafarki biyu ce: yaro yana tare da maigidansa yawancin mako, ya je cibiyar horo kwana ɗaya ya koyi lissafi da awo da dalilin abin da hannunsa ke yi, har shekara uku. Gyaran babur da na firji da aikin lantarki suna cikin sana'o'in da aka fara da su. Sun ɗauko dabarar ne daga ƙasashe irin su Jamus, inda mai koyon kanikancin masana'anta ke shekara uku da rabi tsakanin kamfani da makaranta, kamfanin yana biyansa alawus. Tsarin Benin yana da nasa matsalolin, ya dogara ƙwarai da tallafin waje kuma bai kai ga mafi yawan masu koyo ba. Duk da haka ya kama bakin zaren da loko da masaƙa suka kama tun da.

A Najeriya ma an fara waiwaye. NBTE tana da tsarin ba masu sana'a takardar ƙwarewa mataki-mataki bisa abin da suka iya yi da hannu, kuma Kadpoly ta ƙulla alaƙa da masu sana'ar Panteka a kan haka. Kebbi tana da kayan haɗin: kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ta jiha a Dakingari, jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, kamfanonin shinkafa, da ɗaruruwan garejoji. Abin da ya rage shi ne a ɗinke su: kamfani ya karɓi yara masu koyo da yarjejeniya a rubuce, kwaleji ta buɗe ajin kwana ɗaya a mako ga yaran gareji, a kuma gwada tsofaffin bakanikai a ba su shaidar abin da suka riga suka iya.

Saurayi ko budurwa a Zagga da ke sha'awar wannan sana'a ba sai sun jira gwamnati ba. Wanda ke gareji ya riƙe karatunsa, ko da na yamma ne, domin littafin inji da Turanci da lissafi yake magana, ya kuma nemi gwajin sana'a ko jarrabawar NABTEB. Wanda ke kwaleji ya ƙi yarda da SIWES na sa hannu, ya nemi inda zai ɓata riga da baƙin mai. Su kuma masu zuba biliyoyi a ginin kamfani su tuna da akwatunan 1982. Ba a fafe gora ranar tafiya. Injin da za a sauke a Kebbi nan da shekara uku, mai kula da shi ya kamata a ce yau yana wani wuri yana koyon riƙon sifana.